Hotunan buki dubu biyu a kati: yadda za ka gama gyaransu kafin dangin amarya su gaji da kira

Duk mai ɗaukar hoto a Yamai ya san yadda ƙarshen mako yake tafiya. Asabar da safe ɗaurin aure a Bukoki, da rana zaman mata ƙarƙashin rumfa, da dare liyafa a wani zaure, Lahadi da sassafe kuma ga zanen suna a Talaje. Kafin Litinin kati ya cika da ɗanyun hotuna na RAW, dubu biyu ko fiye, waya kuma ta fara ƙara: "Mai hoto, har yanzu shiru?"

Lissafin ba ya da wuya. In ka ba kowane hoto minti ɗaya tak, hoto 2000 zai ci maka awa 33 da ɗoriya, ba ci ba barci. Waɗanda ke gama irin wannan aiki cikin yini guda ba hannunsu ne ya fi naka sauri ba. Suna rage tulin kafin su taɓa komai, sannan abin da ya rage ba hoto-hoto suke gyara shi ba, haske-haske suke bi. Bukin da ya ba ka hoto 2000, in ka lura, irin hasken da ke cikinsa da wuya ya wuce goma: ƙofar masallaci, inuwar rumfa, ɗakin amarya, tsakar gida da la'asar, zaure da dare. Ka gyara hoto ɗaya a kowane haske, ka ɗora gyaran a kan ƴan'uwansa. Duk sauran bayanin da ke ƙasa hanya ce ta isa ga wannan.

Da manhajar gyaran hoto Lightroom Classic zan yi misali, don shi ya fi yawa a hannun masu sana'ar. Wanda ba ya son biyan kuɗin wata-wata yana da darktable kyauta, mai Canon yana da Digital Photo Professional, mai Nikon yana da NX Studio, kuma dukkansu suna iya kwafar gyaran hoto ɗaya su ɗora wa da yawa. Haruffan da zan ambata na manhajar Turanci ne. In taka ta Faransanci ce, wasu kan bambanta, sai ka buɗe jerin umarni na sama, kowane umarni an rubuta harafinsa a gefensa.

Tun a wurin bukin

Rabin saurin gyara a wurin ɗauka ake samunsa. In kuna aiki da kyamara biyu, kai da yaronka, ku daidaita agogonsu tun kafin ku fita, har daƙiƙa. In ba haka ba, lokacin da ka jera hotuna bisa lokaci za ka ga ana rabon goro kafin a shafa fatiha. Idan an manta, ku ɗauki hoton fuskar waya ɗaya da kyamarorin biyu tana nuna lokaci, daga baya ka gyara lokacin ɗayar duka a cikin manhaja da umarni guda.

Sannan ka daina barin kyamara tana canza shawara a kowane hoto. Da ka shiga rumfa, ka tsayar da buɗin lens, saurin ɗauka da ISO da hannunka, ka tsayar da ma'aunin fari, wato saitin da ke sa fari ya fito fari, a lamba ɗaya, kada ka motsa sai haske ya canza. Hoto hamsin da suka yi duhu iri ɗaya sun fi sauƙin gyara a kan hamsin da kowanne ya kama gabansa, don na farkon jan layi ɗaya zai gyara su duka. In kana da katin nan mai ruwan toka, ka ba wani yaro ya riƙe maka a kowane sabon wuri, ka ɗauka sau ɗaya. Zai yi maka amfani a gaba.

Da dare kuma ka tuna kuran ɗinmu hertz 50 ne. Fitilun LED masu araha da dogayen fitilun neyon suna ƙiftawa daidai da shi, shi ya sa wasu hotunan zaure ke fitowa da ratsi-ratsi ko launi biyu. Saurin 1/100 ko 1/50 yakan kashe matsalar. Ratsin nan in ya shiga hoto, fitar da shi a kwamfuta wahala ce babba, sau da yawa ma ba ya fita.

Sauke kati

Ɗanyen hoto na kyamara mai megafiksel 24 yakan kai mega 25 zuwa 30, wato hoto 2000 ya tasam ma giga 50 zuwa 60. Ka sa kati a rida mai USB 3, kada ka ja ta igiyar kyamara. Ka kwafe zuwa wuri biyu: SSD ɗin da za ka yi aiki a kai, da wani diskin waje da za ka cire ka ajiye a gefe. Ka duba adadin hotuna ya yi daidai a wuraren uku. Kati kuma kada a goge shi sai aiki ya isa hannun mai shi.

Maganar kuran ba sai an gaya wa mutumin Yamai ko Tawa ba, balle a watan Afrilu da Mayu. In kwamfutar tebur gare ka, kada ka fara kwafa ba tare da ondiler ba, don yankewar wuta a tsakiyar kwafa na iya lalata fayil, wani lokaci har kati. Mai kwamfutar hannu ya cika batir tukuna.

Sunan dosiye ya fara da shekara, wata, rana, sannan buki: 2025-03-15_aure_Bukoki. Haka suke jeruwa da kansu. Su ma hotunan ka sauya musu suna wajen shigarwa, don kyamara tana komawa 0001 bayan 9999, kuma kyamara biyu na iya haifar da suna ɗaya. Katalog, wato kundin da manhaja ke ajiye gyaranka, da ƙananan hotunan leƙe da take nunawa a allo su zauna a SSD, ba a tsohon diski mai juyawa ba.

Wajen shigarwa akwai zaɓin da ke raba mai jira da mai aiki. Kowane ɗanyen hoto, CR3 ne ko NEF ko ARW, yana ɗauke da ƙaramin JPEG a cikinsa, wanda ka gani a bayan kyamara. Ka ce wa manhaja ta yi amfani da wannan na cikin, zaɓin da ake kira Embedded & Sidecar, maimakon ta zauna tana gina nata na hoto 2000 da za ka zubar da kashi uku cikin huɗu. Photo Mechanic da FastRawViewer manhajoji ne da aka ƙera don saurin zaɓen hotuna, in kana da halin saye.

Tsinta

Ba a ɗora tukunya kafin a tsince shinkafa. Muddin kana zaɓe, kada ka shiga sashen gyara ko sau ɗaya, ko da ka ga hoton da ya burge ka. Wanda ya tsaya gyara hoto na 40 zai tarar na 43 ya fi shi kyau.

Ka kunna Caps Lock, hoto zai riƙa wucewa da kansa duk lokacin da ka yi masa alama. P na nufin ɗauka, X ƙi, U cire alama. Shawarata ita ce ka riƙa ɗaukar mai kyau, ka wuce sauran ba tare da ka yi musu komai ba. Wanda ke neman marasa kyau ya fitar, a ƙarshe zai ga ya bar 1500, don kowane hoto yana da ɗan abin da zai sa a tausaya masa. Tambayar da za ka riƙe ita ce: zan ba mai buki wannan? In ka tsaya tunani, amsar a'a ce. Daƙiƙa biyu a hoto, dubu biyu awa ɗaya da ƴan mintuna ke nan.

X ka bar shi ga waɗanda suka mutu sarai: filash bai tashi ba, ƙasa ka ɗauka, ko wani ya gifta.

Zagaye na biyu a kan waɗanda ka ɗauka kaɗai. Nan ne za ka duba kaifi, ka zuƙo ido ɗari bisa ɗari inda kake shakka, ka rage masu kama da juna. In ka danna sau bakwai a kan amarya da ƙawayenta, ka zaɓe su duka ka danna N, su bayyana gefe da gefe, ka riƙa fitarwa har saura ɗaya, ko biyu in ɗaya a tsaye ɗaya a kwance. A hoton taro fuskar masu bukin ce ke yanke hukunci. Idan idon amarya a buɗe yake kuma tana murmushi, ƙawar da ta ƙifta a can gefe sai ta yi haƙuri.

Amma akwai zaɓen da ba na kyau ba ne, na sanin mutane ne, kuma shi ne ke sa a sake kiranka ko a manta da lambarka. Waliyyi, liman, uwar ango, gwaggon da ta taso daga Ƙonni ko Madawa, kakar da aka fito da ita daga ɗaki aka zaunar a tabarma: kowannensu dole ya fito aƙalla sau ɗaya. In hoton kakar ɗaya ne tak kuma ya ɗan yi dishi-dishi, ka bar shi. Ba wanda zai tuhume ka kan kaifi, amma za a kira ka a ce, "Malam, ina hoton Inna? Ai mun ga ka ɗauke ta." Haka kuma akwai masu kaifi sosai da bai kamata su fita daga kwamfutarka ba: dattijo da loma a baki, matar da gyalenta ya zame, wadda take shayarwa a bayan taro, alhajin da aka kama yana lissafa kuɗi a aljihu. Ka duba bayan hoto kamar yadda kake duba gabansa, don a WhatsApp za su ƙare, kuma daga can ba ka da iko da inda za su je.

Shi ya sa manhajojin zaɓe masu ƙirƙirarriyar basira irin su Aftershoot nake ɗaukarsu a matsayin yaron shago. Suna gane rufaffen ido da hoton da ya girgiza, suna tara masu kama da juna, kuma hakan taimako ne. Ba su san wace ce uwar ango ba. Zagaye na biyu naka ne.

Daga 2000, in ka tsaya tsakanin 400 da 600 ka yi daidai ga bukin yini guda. Yanzu ne za ka gina Smart Previews, masu manhajar Faransanci za su gan su da sunan Aperçus dynamiques, na waɗanda ka ɗauka kawai. Ƙananan kwafi ne masu fiksel 2560 a dogon gefe. A cikin saitin aiki na manhajar akwai akwatin da za ka yi wa alama don ta riƙa gyara da su maimakon manyan, kuma tsohuwar kwamfuta takan sami numfashi sosai da wannan. A can kuma ka ƙara ma'ajiyar wucin gadi ta Camera Raw daga giga 5 zuwa 20 ko fiye.

Raba su bisa haske

Ka jera bisa lokacin ɗauka, ka koma kallon ƙananan hotuna da G, ka ƙanƙance su har allo ya ɗauki da yawa. Daga nesa za ka ga inda launi ya juya: nan fari fat na hantsi, nan ja-ja na rumfa, nan rawaya na ƙwan ɗaki. Kowane yanki rukuni ne. Kana iya yi musu alamar launi da lambobi 6 zuwa 9, ko ka tara kowanne a tarinsa. Masu kwamfutar da ta zo daga Faransa mai jerin AZERTY su lura, lambobin layin sama ba sa fitowa sai da Shift ko Caps Lock.

In kyamara biyu ce, ka tace bisa kyamara ka raba su, ko da a wuri ɗaya suka tsaya. Canon da Sony ba sa ganin fata iri ɗaya. Masu filash su ma rukuninsu daban.

Kafin ka taɓa kowane rukuni, ka zaɓi hotunan duka ka ɗora musu firiset, wato ajiyayyen saitin gyara, na tushe, wanda za ka haɗa sau ɗaya ka yi ta amfani da shi. A ciki ka sa salon launin da ka zaɓa, gyaran lanƙwasar lens, cire jan layi da koren layi na gefen abubuwa, kaifi daidai gwargwado, ɗan rage wuraren da suka yi haske da yawa. Kada ka sa ƙarfin haske, ma'aunin fari ko yanka a cikinsa, waɗannan na kowane wuri ne. Firiset ɗin da ake rabawa a intanet masu sunaye na burgewa, akasarinsu a kan farar fata da hasken ƙasashen sanyi aka gwada su. A kan fatarmu sukan mayar da mutum ruwan toka ko ruwan lemu.

Hoton jagora

A kowane rukuni ka zaɓi hoto ɗaya na tsaka-tsaki, ba wanda ya fi kyau ba, ba wanda ya fi muni ba, mai fuska a fili da ɗan farin tufafi. Wannan ka ba shi minti uku ko biyar ba tare da ƙyashi ba, don hoto sittin yake ɗauke da su.

Fara da ma'aunin fari. Hasken rana yana wajen kelbin 5500, inuwa ta haura zuwa wajen 7000, ƙwan fitila mai rawaya yana wajen 3000. Ka danna W, ka taɓa katin toka in ka ɗauka, ko wani abu da ka tabbata ba shi da launi. Ka yi hattara da farar shadda: da yawa an sa mata bula ko tana da shuɗi-shuɗi tun daga kanti, in ka auna da ita hoton zai koma rawaya. Ƙarƙashin jar rumfa ko koriya layin zafi da sanyi kaɗai ba zai isa ba, sai ka haɗa da na biyun, mai tafiya tsakanin kore da ruwan hoda. Kuma kada ka nemi kashe launin rumfar gaba ɗaya. Ka rage shi har fuska ta dawo ta mutum, ka tsaya nan. Mutanen sun san ƙarƙashin jar rumfa suka zauna.

Sai ƙarfin haske, kuma nan ne matsalarmu ta musamman take: baƙar fuska a saman farar babbar riga mai ƙyalli, ƙarƙashin ranar Yamai. Kyamara tana ganin farin ta tsorata ta rage haske, fuska ta nutse. Dalilin ɗaukar RAW ke nan. JPEG yana da mataki 256 a kowane launi, RAW mai bit 14 yana da 16,384, don haka akwai bayani a ɓoye a duhun da farin wanda za ka iya jawowa. Tsarin shi ne ka ɗaga haske gaba ɗaya har fuska ta yi daidai, sannan ka ja layin wurare masu haske ƙasa har zaren ɗinkin wuyan riga ya dawo. Danna J zai nuna maka ja a inda fari ya ƙone, shuɗi a inda baƙi ya toshe. Ɗigon ja a kan ƙyallin shadda ko sarƙar zinariya ba laifi ba ne, amma kafaɗa guda ta zama ja, aikin maɗinki ya tafi, kuma mai rigar ya biya kuɗi mai yawa don a ga wannan ɗinkin.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne jan layin inuwa har ƙarshe don a fito da fuska. Fata sai ta yi fari-fari kamar an shafa toka, tsakuwa, wato ɗigo-ɗigon da ke fitowa a hoton duhu, ta cika ta. Ka ɗaga shi kaɗan, sannan ka sauko da baƙi don hoton ya riƙe nauyinsa. Fatar mutum, baƙi ne ko fari, a launin lemu take zaune cikin sashen launuka. Ɗan ƙara wa lemu haske, ɗan rage masa ƙarfi, yakan wanke fuska ba tare da an canza wa mutum kama ba. Amma in anko na bukin ruwan lemu ne ko ja, duk abin da ka yi wa fata ka yi wa zanen, sai ka sassauta. Launin anko ba abin wasa ba ne. Mata sun je kasuwa sun zaɓe shi, suna da shi a akwati, za su ɗora shi kusa da waya su gwada. Shuɗi mai duhu da ruwan makuba su suka fi ruɗar kyamara, ka duba su da kyau.

Lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, hotunan waje sukan fito kamar an lulluɓe su da hazo. Layin cire hazo yana taimako, kaɗan-kaɗan, in ya yi yawa fuska ta yi duhu sama ta yi datti.

Ɗora wa sauran

Da jagora ya yi daidai, ka bar shi a zaɓe, ka riƙe Shift ka danna hoton ƙarshe na rukunin, sai Sync, ko Synchroniser. Akwati zai buɗe yana tambayar abin da za a kwafa. Ka yi alama a ma'aunin fari, haske, launuka, kaifi da rage tsakuwa. Ka cire alama daga yanka, daidaita karkata da goge tabo. In ka bar yanka, za ka tarar an sare kawunan mutane a hoto talatin.

Akwai kuma Auto Sync, inda duk abin da ka taɓa a hoto ɗaya yake faruwa ga duk waɗanda ke zaɓe nan take. Yana da sauri ƙwarai, yana da haɗari daidai da saurinsa. Ka kashe shi da zarar ka gama rukuni, don mantawa da shi a kunne na iya rushe aikin awa guda da jan layi ɗaya. Sauri ya haifi nawa. In hakan ta faru, Ctrl da Z nan take, kafin ka yi wani abu.

Dabaru biyu da ba kowa ya sani ba. Idan haske bai canza ba amma saitin kyamara ya yi ta tsalle, akwai umarnin Match Total Exposures a jerin saiti: yana duba buɗin lens, sauri da ISO na kowane hoto, ya daidaita haskensu da na jagora. Ba ya aiki daidai a hotunan filash, ko inda gajimare ya yi ta shiga yana fita. Ta biyu tana sashen Library, wato Bibliothèque, a ƙaramin akwatin gyaran gaggawa. Maɓallansa ƙari suke yi a kan abin da kowane hoto yake da shi, ba sa mayar da su lamba ɗaya. In ka gama rukuni ka ga duka suna son ɗan ƙarin haske, danna ɗaya zai ƙara wa kowanne sulusin mataki ba tare da ya ɓata bambancin da ka riga ka yi ba.

Bayan haka sai bi ɗaya-ɗaya, kuma abu biyu kawai aka yarda ka taɓa: haske da yanka. R na buɗe yanka, ka miƙe ginshiƙin rumfa ko bakin ƙofa, ka fitar da rabin kujerar roba da ledar ruwa da ke gefe, ka wuce. Daƙiƙa goma a hoto, 500 bai kai awa ɗaya da rabi ba. In ka ga kana gyara abu ɗaya a hoto biyar a jere, tsaya, jagoran ne bai yi ba ko kuma rukunin biyu ne ka haɗa. Koma ka raba. Wanda ka ga yana son aiki na musamman ka ba shi tauraro ka ci gaba.

Masu nauyi a ƙarshe

Tabon ƙura a sensa abokin zamanmu ne, musamman ga mai canza lens a fili. Yana fitowa a wuri ɗaya a kowane hoto na kyamarar, ya fi bayyana a sama ko farin bango. Wannan kaɗai ne goge tabon da ya dace a kwafa: ka goge a ɗaya, ka ɗora wa masu tsayuwa iri ɗaya, na kwance daban na tsaye daban, sannan ka leƙa don kada gogewar ta faɗa kan idon wani.

Tun 2022 Lightroom yana iya gane mutane a hoto ya ware fatar fuska shi kaɗai, kuma in ka kwafa wannan zuwa sauran yakan sake neman fuskar a kowanne. Ga matsalar fuska da farar riga wannan babban sauƙi ne: ɗan ƙarin haske a fuska kawai, rigar na nan yadda take. Denoise kuma, mai wanke tsakuwar hotunan dare, ya zo a 2023. Dukansu suna cin ƙarfin kwamfuta, kuma a ƙaramar kwamfutar hannu Denoise na iya ɗaukar mintuna a hoto ɗaya. Don haka ka tace masu ISO 3200 zuwa sama kaɗai, ka tara su, ka sake su lokacin da za ka tashi cin abinci ko da dare in kuran ya zauna. Ka ɗaga kwamfutar daga kan katifa ko tabarma iska ta shiga ƙarƙashinta, don da ta yi zafi take rage gudu da kanta.

Masu tauraro, kada su wuce ashirin ko talatin: ango da amarya, iyaye, wanda za a sa a firam. Su ne za su sami gyaran fata, share gumi da ƙyallin goshi, cire igiyar lasifika. Za a ce maka, "Don Allah ka ɗan haska ni." Ka haska hoton, ka gyara inda hoda ta fi wuya fari don su daidaita, amma in ka sauya wa amarya launi har hannunta mai lalle ya bambanta da fuskarta, ƙawayenta ne za su fara faɗa, kuma sunanka za a kira.

Kafin fitarwa ka koma kallon ƙanana, ka bi aikin daga farko zuwa ƙarshe da ido. Wanda ya fi maƙwabtansa duhu ko rawaya zai yi tsalle ya fito. Hasken allonka kuma kada ya kasance a ƙarshe, in ba haka ba duk abin da ka kai wanki zai dawo da duhu.

Fitarwa da miƙawa

Ka ajiye saitin fitarwa biyu ka daina cika akwatin kullum. Na wanki: JPEG, sRGB, inganci wajen 90, cikakken girma. Hoton 10x15 yana son wajen fiksel 1200 da 1800, na 20x30 wajen 2400 da 3600, don haka cikakken girma ya ishi kowanne. Na waya: sRGB, fiksel 2048 a dogon gefe, inganci wajen 80, da ƙaramar alamarka a kusurwa in kana so. Kana iya zaɓar saitin biyu su fita a lokaci ɗaya. In da Smart Previews ka yi aiki, ka tabbata diskin manyan hotunan yana haɗe, in ba haka ba ƙananan za su fita. AdobeRGB kada ka ba kowa shi, a waya launinsa kan fito a kwance.

WhatsApp yana matse hoto in an tura shi a matsayin hoto. Ka tura a matsayin takarda, ko ka zuba a kile ka miƙa hannu da hannu, wanda ga giga da yawa ya fi sauƙi a kan kuɗin intanet. Dabara mai kwantar da waya ita ce ka fitar da goma sha biyar daga masu tauraro tun daren farko ka aika, kafin sauran. Masu buki abin sa wa a status suke nema da zafi-zafi, in sun samu za su ba ka kwanakin da kake buƙata.

Da ka gama, ka zaɓi duka ka danna Ctrl da S, gyaran zai rubutu a ƙananan fayilolin XMP kusa da kowane ɗanyen hoto, ko katalog ya lalace aikinka na nan. Ka kwafe su da JPEG ɗin da ka fitar zuwa diski na biyu. Masu X ka goge su. Waɗanda ba ka ɗauka ba kuma ba ka ƙi ba, ka bar su wata biyu ko uku, don a cikinsu ne za ka nemo kawun da aka ce bai fito ba. Sai mai buki ya karɓa ya ce ya gani, sannan ka mayar da kati cikin kyamara ka yi masa foma a can, ba a kwamfuta ba.